Yadda Aka Yi Mini Ruƙya a Kan Yaren da Ban Gama Ƙirƙira Ba

Wasu ƙwallo ke hana su barci, wasu siyasa. Ni kuwa tun muna jami'a, inda na karanta kimiyyar harshe, cutata ita ce ƙirƙirar yare. Bara da makarantar da nake koyarwa ta tafi dogon hutu, sai na sayi littafi mai bango mai kauri, na ce bana sai na gama guda.

Yare ba ya faɗowa daga sama, sai an nema masa tarihi. Na ɗauko 'yan Baikin, matuƙan jiragen ruwan nan na Nowe da suka fara kai hari Ayilan a 795, suka kafa sansani a Dablin a 841. Yarensu tsohon Nos ne, ɗan gida ɗaya da Jamusanci da Ingilishi. Mutanen da suka tarar kuma Gelik suke yi, daga dangin Keltik. An cuɗanya da gaske, don har yau kalmar kasuwa a yaren Ayilan, margadh, daga Nos aka aro ta. To ni sai na ƙago tsibiri tsakanin Ayilan da Sikotlan, na sauke jirage tara a bakinsa a 850, na aurar wa matuƙan 'yan matan garin ba ko sisin sadaki. 'Ya'ya suka taso da kalmomin uba a bakin uwa. Na raɗa wa yaren suna Galsk.

Daɗin aikin yana wajen bakin uwar. A yarukan Keltik farkon kalma ba ya zama wuri ɗaya. Jirgin ruwa a Ayilan bád ne. In ka ce jirgina sai ya koma mo bhád, b ta yi laushi kamar w. In ka ce jirginmu kuwa ár mbád ne, b ta yi shiru, m ta hau kujerarta. Wannan rigimar na ɗora wa kalmomin Nos. Kuma tunda yare sai da kunne, kullum in gida ya yi tsit nakan fita tsakar gida da fitilar waya, ina ta kakarin "kh, kh" daga maƙogwaro, ina gyaɗa kai ni kaɗai.

Ashe uwargida tana leƙowa ta taga.

Ranar wata Laraba na manta littafin a kan kujera. Ta buɗe shafin kalmomi: hús, gida. Skip, jirgi. Layi na uku: kona, mata. Wallahi a tsohon Nos kona mace ce, ba ni na ƙirƙira ba. Amma wace Bahaushiya ce za ta ga "kona mata" da rubutun mijinta ta tsaya neman ƙugiyar ƙ? Ga shi na cika shafin da kona, khona, gona, har sau ashirin ina gwada sauyin. Shafi na gaba kuma jerin sarakunan tsibirin ne, kowa da shekarar mutuwarsa, ga taswira da jan biro.

Ba ta ce uffan ba. Na dai lura ashana ta ɓace daga kicin, tukunyar gas kuma ta tafi hutu gidan maƙwabta. Washegari da hantsi sai ga Hajiyata, malamin unguwarsu na biye da ita da jarkar ruwan tofi, ƙannena biyu majiya ƙarfi na bayansu.

Malam ya zauna, ya dube ni da tausayi.

"Wannan yaren na su wane ne?"

"Allah gafarta malam, na mutanen wani tsibiri ne."

"Ina tsibirin yake?"

"Ai babu shi."

"Mutanen fa?"

"Su ma ba a taɓa halittarsu ba."

"Amma kana jin maganarsu?"

"Ni kaɗai nake ji a duk duniya."

Hajiya ta saka salati. Malam ya ce, "Ku riƙe shi."

Ina gaya muku, babu abin da ya fi wahala kamar yi wa mutane bayanin nahawu ana danne da kai a tabarma, hayaƙin habbatus-sauda na shiga hancinka. Na yi atishawa, aka ce ga shi nan zai fita. Malam ya daka tsawa, aljani ya faɗi sunansa da garinsu. Don in wanke kaina na fara kawo tarihi tun daga Dablin. Hajiya ta ce, "Inna lillahi, Bature ne ma!"

Abin da ya cece ni ár mbád ne. Cikin haki na ce asali kalmar da ke gaban b da n take ƙarewa, shi ya sa m ta fito. Malam ya dakata da tofi.

"Nun ta haɗu da ba, ta koma mim?"

"Haka ne, Allah gafarta malam."

"Yo ai wannan iƙlabi ne!"

Ya sa aka sake ni, ya gyara tabarau, ya karɓi littafin. Muka yi kusan awa muna tajwidin 'yan Baikin, Hajiya na zaune tana kallonmu kamar ta ce a nemo wani malamin ya duba mu biyun. Da zai tafi ya ce lafiyata ƙalau, rashin aikin yi ne kawai ya yi mini yawa. Duk da haka ya sa na shanye ruwan tofin don kada a yi asararsa, kuma ni na biya kuɗin mashin ɗinsa.

Uwargida kuwa ta ce gas ba zai dawo ba sai kalmar nan ta fita daga littafin. Na duba tarihin tsibirina, na tarar da yaƙin Kulontaf da aka yi kusa da Dablin a 1014, inda aka kashe Birayan Boru, babban sarkin Ayilan. Nan na rubuta cewa bayan yaƙin mutanen Galsk sun watsar da kona, sun ɗauki ben, wato mace a yaren iyayensu mata. A gefen shafin na ƙara da ƙaramin rubutu: masana ba su gano dalili ba.

Da la'asar yaron maƙwabta ya shigo da tukunyar gas a ka.