Kazar Ruwa Ta Tsallake, Ni Na Nutse

Ɗan yayata da ke karatun ilimin dabbobi ne ya ja min. Ya zo hutu Gombe, ya nuna min hotunan tsuntsaye biyu a waya, wai dangi ɗaya ne. Ɗaya baƙa wuluk, baki ruwan ɗorawa, ƙafafu jajur kamar ta sha lallen biki, wato kazar ruwa. Ɗayar ruwan ƙasa, ciki zanen fari da baƙi. Ita a doguwar ciyawa take, damina ke kawo ta, da rani ta koma kudu.

Na ce, "Yaro, wannan ai fakara ce ta rame."

Ya ce, "Kawu, ba fakara ba ce."

Ni da na yi farauta da danƙo tun uwarsa na goyon 'yar tsana! Ranar Asabar na sa shaddata, na ce mu tafi dam ɗin Dadin Kowa a raba gardama.

Baƙar ba ta ba mu wahala ba. Ga ta nan bakin ruwa tana taku a kan ganyen bado, tana ɗaga ɗan wutsiya kamar mai jin kanta. Yaron ya ce dogayen yatsunta ke raba nauyin, ita kuma duka-duka da ƙyar ta kai giram 100. Wannan bayanin na ji shi sarai. Abin da na manta shi ne ni buhun masara ne da hula. Na ce bari in matsa in ɗau hoto, na taka inda na ga kore shar.

Ashe ba ƙasa a wurin. Sai ga ni cikin taɓo har ƙugu, takalmi ɗaya ya yi sallama. Wani masunci ya miƙo min gora yana danne dariya, ya ce, "Alhaji, yi sauri, nan dorina ke kiwo." Yaron nan, maimakon salati, sai cewa ya yi, "Ai Kawu, har bayan dorina take hawa tana cin ƙwari."

Ina rarrafowa cikin ciyawa wani abu ruwan ƙasa ya sulale ta gabana a guje, ko tashi bai yi ba. Ya daka tsalle: "Ita ce! Kawu, ka gani?"

Taɓo ya cika min ido. Na ce masa fakara ce.