Zumuntar matan Jos da abin da na gani a Nairobi

Shekara 14 mahaifiyata ta yi tana ma'ajin zumuntar mata a majami'armu da ke Tudun Wada a Jos. Har gobe ina ganin littafin a idona: mai baƙin bango, naɗe cikin leda saboda ruwan Jos ba ya sallama, ga biro ɗaure da zare a jikinsa. Ranar zumunta da yamma, bayan an ajiye tulu da caki an yi addu'ar rufewa, sai ta zauna a bencin baya ita da magatakarda su ƙirga kuɗin wata, su ware na jinya, na ta'aziyya, na gwauraye da marayu, da na motar zuwa babban taro. Ƙarshen shekara ta miƙe gaban mata sama da 200 ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Akwai tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba, amma a tsallake naira 50 ka ga hannu a sama. In wa'adi ya cika a yi zaɓe, wadda ta faɗi ta miƙa littafi da makulli, a yi waƙa a watse.

Yau shekarata 8 ina aikin jinya a Nairobi. Abin da ya tuno mini da littafin nan hoto ne da ƙanwata ta turo mini: matan zumunta cikin anko, riƙe da kwalaye, suna neman a ware wa mata kujeru a majalisa. Ta ce a gida kai ya rabu. Wasu na cewa madalla, wasu na cewa zumunta ta bar addu'a da waƙa ta tsoma baki cikin abin da ba ruwanta. Ni ina bayan masu kwalayen, kuma zaman nan ne ya ƙara mini ƙarfin gwiwa.

Tsarin mulkin da Kenya ta amince da shi a 2010 ya raba ƙasar yanki 47, kowanne da gwamnansa da majalisarsa, ya kuma ce kowane yanki zai zaɓi mace ɗaya ta wakilce shi a majalisar ƙasa. Ba naɗi ba ne. Mata kaɗai ke takarar, amma kowa ke jefa ƙuri'a, namiji da mace. Saboda haka tun zaɓen 2013, ko ana ha maza ha mata, akwai mata 47 a zauren, ban da waɗanda suka kayar da maza a sauran mazaɓu 290 na kowa da kowa. A 2013 ɗin babu macen da ta ci gwamna. A 2017 mata 3 suka ci, a 2022 suka zama 7. Gladys Wanga ta Homa Bay daga kujerar matan nan ta fara, ta yi zango biyu, jama'a suka ga kamun ludayinta suka ba ta gwamna. Fatuma Achani ta Kwale, can bakin teku, musulma ce.

Su ma da sauran aiki a gabansu. Tsarin mulkin nan ya ce kada jinsi ɗaya ya wuce kashi biyu cikin uku na kujerun zaɓe, amma majalisa ta yi ta jan ƙafa, har a 2020 Alƙalin Alƙalai David Maraga ya shawarci shugaban ƙasa ya rushe ta, ba a kuma rushe ba. Abokan aikina kan yi ƙorafi cewa wasu wakilan matan ba a jin ɗuriyarsu sai zaɓe ya ƙarato. Duk da haka, yarinyar da ta hau matatu, wato motar haya, zuwa makaranta a Nairobi tana wuce fastocin mata 'yan takara a kowace kwana, ba ta kuma ɗauke shi wani abin mamaki ba.

Mu kuwa? Majalisar Dattawa kujera 109, majalisar da aka zaɓa a 2023 mata 4 ne a ciki, ita ma ta huɗun, Natasha Akpoti-Uduaghan, sai da kotu ta karɓo mata. Majalisar Wakilai kujera 360, matan ba su kai 20 ba. Tun 1999 ba a taɓa zaɓen mace gwamna ba. Virginia Etiaba ta riƙe Anambra wata uku ne kawai bayan an tsige Peter Obi a 2006, kotu ta mayar da shi ta koma mataimakiya. A 2006 ɗin ne gwamnatin tarayya ta rubuta da hannunta cewa mata su sami kashi 35 cikin 100 na muƙamai, a Afrilun 2022 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce a cika alkawarin. Har yau yana kan takarda.

Ranar 1 ga Maris 2022 ina aikin dare na ga labarin a waya: majalisa ta yi fatali da ƙudurori 5 da suka shafi mata a zama ɗaya. Mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa a Abuja cikin rana. Wanda ya fi ci mini rai cikin biyar ɗin shi ne na 'yar asalin jiha, wanda zai ba matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara 5. Duk wanda ya tashi a Jos ya san nauyin kalmar nan. 'Yar Pankshin ta auri ɗan Kaduna, in ta nemi kujera a gidan ubanta a ce ai ta yi aure ta tafi, in ta nema a gidan miji a ce baƙuwa ce. Ta haifi 'ya'ya a garin, ta binne surukanta a garin, amma ba ta isa ta wakilci garin ba.

Filato ba ta cikin na baya, wannan gaskiya ne. Pauline Tallen ta zama mataimakiyar gwamna a 2007, ta farko a duk Arewa, ta fito neman gwamna a 2011, daga baya ta riƙe ma'aikatar harkokin mata ta tarayya. Beni Lar ta wakilci Langtang a Majalisar Wakilai tun 2007 zango bayan zango. Farfesa Nora Daduut ta yi sanatar Filato ta Kudu. A 2023 Ngo Josephine Piyo ta zama mataimakiyar Gwamna Caleb Mutfwang. Muna alfahari da su. Amma in ka gama ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, sai ka waiwayi ƙananan hukumomi 17 ka tambaya mata nawa ne ciyaman, nawa ne kansila.

Nan ne na ga bambancin da ya fi na doka. Matan Kenya suna da abin da suke kira cama, kusan adashinmu ne, sai dai sukan yi rajista su buɗe asusun banki, su ba juna rance, har fili suke saye. A cocin da nake zuwa akwai wata cama ta mata wajen 30. A 2022 ɗaya daga cikinsu, mai sayar da gwanjo a kasuwar Gikomba, ta fito neman kujerar majalisar yanki. Kowace Lahadi bayan sujada, a tsakar gidan coci, hannu ɗaya da kofin shayi ɗayan da waya, kowacce ta tura abin da ya sawwaƙa ta M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya, ma'aji na karanta suna tana sa alama. Da kuɗin suka buga fasta suka ɗauki hayar lasifika. Ran zaɓe su ne wakilanta a rumfuna, da fulas ɗinsu da bargo, ba su tashi ba sai da aka ƙirga ƙuri'ar ƙarshe suka ɗauki hoton takardar sakamako. Ta zo ta biyu. Lahadin da ta biyo baya suka buɗe sabon shafi suka rubuta 2027 a samansa.

Ina tsaye ina kallonsu sai goggona ta faɗo mini a rai. Malamar firamare ce mai ritaya, rabin unguwa ta koyar, ta fito neman kansila. Fom an rage mata kuɗinsa, kamar yadda jam'iyyu kan yi wa mata, amma ba fom ke cin kuɗi ba, daliget ne. Aka sa taron masu ruwa da tsaki ƙarfe ɗaya na dare a wani otal. Ta je, da ɗanta ya raka ta. Wani yaro da ta koya wa ABCD ya durƙusa ya ce, “Mama, ki yi haƙuri ki janye wa ɗanki, za mu ba ki shugabar mata.” Zumunta ta yi mata addu'a da zuciya ɗaya, har da azumi. Amma da aka kawo maganar a tara mata ɗan abin motar kamfe, sai dattawan ikilisiya suka ce kada a shigo da siyasa gidan Allah. A shekarar nan dai wani ɗan takara namiji ya zo babban taron mata, aka ba shi makirufo, ya sauke buhunan shinkafa da turamen atamfa, ya yi alkawarin bas, mata suka rangaɗa guɗa. Ina wurin, ni ma na tafa. Siyasa ta daɗe da shiga gidan Allah, ta ƙofar gaba ma, an kuma ba ta kujera kusa da bagade. Tamu ce kawai aka tsayar a waje.

Masu cewa ba aikin mace mai bi ba ne, wa'azin da muka ji tun muna makarantar Lahadi zan tuna musu. 'Ya'yan Zelofehad mata biyar, da ubansu ya mutu bai bar ɗa namiji ba, ba su tsaya kuka a ɗaki ba. Sun je gaban Musa da firist da shugabannin jama'a suka nemi gādo, Ubangiji ya ce suna da gaskiya, aka kuma sauya ƙa'idar gādo saboda su. Debora shari'a take yanke wa Isra'ila a gindin itacen dabino. Waɗannan labaran matan zumunta sun fi kowa iya rera su.

Kuma ai ba yau suka fara fita titi ba. Bayan kisan da aka yi a ƙauyen Dogo Nahawa a Maris 2010, mata dubbai suka fito a Jos cikin baƙaƙen kaya, da ganye da Littafi Mai Tsarki a hannu. A lokacin ba wanda ya ce su koma su yi waƙa. In mace ta isa ta ɗauki gawa ta yi makoki a gaban hukuma, ta isa ta zauna a inda ake yanke kasafin tsaro da na asibiti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da ake nufi da a ce babu jini a asibiti ƙarfe biyun dare mace na naƙuda.

Abu ɗaya nake roƙon shugabannin matan, daga WOWICAN, reshen mata na ƙungiyar CAN, har zumuntar COCIN da ta ECWA, majami'u biyun da hedikwatarsu ke Jos: kada su yi tafiyar nan su kaɗai. Tun rikicin Satumba 2001 garinmu ya rabu unguwa-unguwa, har akwai wuraren da muka daina shiga. Amma a kasuwar Farin Gada matan kiristan Angwan Rukuba da matan musulmin Angwan Rogo tumatir ɗaya suke taya, kuma daliget ɗin da ya rufe wa goggona ƙofa bai tambayi addininta ba. Matan musulmi suna da ƙungiyarsu ta FOMWAN tun 1985, suna da makarantun islamiyya da ke tara mata kamar yadda zumunta ke tarawa. Kafin a haifi yawancinmu Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan 'yancin ƙuri'a, matan Arewa kuwa, kirista da musulma, sai a 1979 suka fara zaɓen shugaban ƙasa. A Laberiya a 2003 Leymah Gbowee daga coci ta fara tara mata, Asatu Bah Kenneth ta kawo matan musulmi, suka sa fararen kaya suka zauna har aka sa hannu a yarjejeniyar Accra. Bayan shekara biyu Ellen Johnson Sirleaf ta ci zaɓen shugaban ƙasa.

Ba cewa nake fasto ya hau bagade ya ɗaga tutar jam'iyya ba, wannan zai raba ikilisiya. Aikin na ƙasa ne. Ƙudurin kujeru na musamman na mata da ɗan Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ya gabatar a majalisa ta 10, yadda aka fara kawo shi, ya nemi ƙarin kujera ɗaya ga kowace jiha da Abuja a majalisun tarayya biyu, da uku a kowace majalisar jiha. Gyaran tsarin mulki irin wannan ba ya wucewa sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar tarayya sun yarda, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36. Filato na da sanata 3, wakilai 8, da 'yan majalisar jiha 24. Kowannensu yana da uwa ko mata ko ƙanwa a wata zumunta ko wata islamiyya, kuma an san gidansa. Sannan mata su yanki katin jam'iyya, kowacce wadda ranta ya kwanta da ita, su nemi zama daliget, su ƙi taron tsakar dare. Su buɗe asusu domin 'yar'uwar da za ta fito, ko a wace jam'iyya take.

Ranar Asabar na kira Mama na zayyana mata duk wannan. Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ta tambaye ni nawa matan Nairobin ke zubawa a mako, na faɗa mata. Ta ce, “To, in za a yi, sai an sayi sabon littafi, kada a haɗa da kuɗin jinya.” Ta ce ƙafarta na damunta, amma za ta sa a kai ta zumunta ranar Alhamis ta yi wa uwar zumunta maganar, ta kuma ce in turo nawa kason ta hannun ƙanwata kafin ƙarshen wata.