Ba takin kaɗai ba, a duba lambatu

Wani labari ya ɗora wa yawan takin zamani laifin gurɓata Kogin Gongola a ƙasan Dadin Kowa da ke Jihar Gombe, amma bai ce uffan a kan magudanan gonakin ba. Buhun takin yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da sinadarin naitirojin, abincin shuka, kilo 23. Manomi ya watsa shi a fangalin shinkafa cike da ruwa, washegari ya fasa kunya, narkakken takin ya bi lambatu ya faɗa kogi, ganyen shinkafa ya koma ruwan ɗorawa, ciyawar kachalla ta samu abinci ta toshe hanyar ruwa. Ga mai cewa a ƙara wa lambatu zurfi kuwa, a ƙasa mai yashi zurfin ne ke tsotse ruwan da takinsa tun saiwa ba ta sha ba. Abin yi shi ne a rage ruwa kafin zuba taki, a cusa shi cikin taɓo, a raba shi kashi biyu ko uku, a tare bakin mafita da katako kamar mako guda, a dasa jema a gefen lambatu. Fangalai nawa ne ma a Dadin Kowa ke da mafitar da ake iya rufewa?