Wutar da ke tafiya a banza a kan rufin gidajenmu

Da misalin ƙarfe ɗaya na rana a watan Maris, gidaje da dama a Kano da Katsina da Kaduna batirinsu na sola ya riga ya cika fal. Rana na tsaka da ƙuna, farantan da ke kan rufi a shirye suke su ba da wuta, amma inbata, na'urar da ke juya wutarsu zuwa wadda gida ke amfani da ita, ta rage musu aiki domin babu inda za ta kai abin da suka samar. Maigida na kasuwa ko ofis, yara na makaranta, firji da fanka ɗaya ne kawai ke ja. A daidai wannan lokacin tela a bakin layi ya naɗe hannu yana jiran a kawo wuta, mai walda na auna ko kuɗin aikin zai fitar masa da kuɗin mai, mai ƙanƙara kuwa tana duba firiza tana ganin jarinta na narkewa. Katanga ɗaya ce ta raba mai rarar wuta da mai neman ta, kuma babu wata halastacciyar hanya mai sauƙi da za ta haɗa su. Wannan asarar ce ke damuna, kuma ban ga ana ba ta muhimmancin da ya kamata ba.

Mu ɗan yi lissafi. Gidan da ya ɗora faranti shida, kowanne mai wat 550, yana da kilowat 3.3 a kan rufinsa. A arewacin Najeriya, inda ake samun kimanin awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana, wannan zai iya ba da yunit 13 zuwa 15 a wuni bayan an cire abin da zafi da ƙura da wayoyi ke ci. Batirin gidan kuma wataƙila yunit biyar yake ɗauka. Idan hidimar rana ta ci yunit huɗu, batir ya sha biyar, ragowar fa? Ba a ma samar da ita ba, alhali an biya kuɗin farantan. Tashar sola da aka buɗe a yankin Challawa a Kano a watan Janairun 2023 megawat 10 ce. Gidaje dubu uku masu irin wancan rufin sun kai ƙarfinta. Duk wanda ya hau bene a Hotoro ko Rijiyar Zaki ya leƙa rufin maƙwabta, zai gane cewa dubu uku ba wani adadi ba ne mai wuyar cika a birni kamar Kano.

Ba na ganin laifin duk wanda ya gudu zuwa sola. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta tsallake dubu, janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin yunit ga 'yan rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225, bisa alƙawarin wutar awa 20 a rana. Sai ga Oktoban 2024: an riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir da ake dogaro da shi ma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Mutanen Maiduguri sun ga abin da ya fi haka tun 2021, lokacin da aka tarwatsa turakun layin Damaturu. Wanda ya ga wannan, ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi faranti da batir, ya yi abin da mai hankali zai yi.

Inda nake saɓa wa wasu shi ne maganar da ta zama abin alfahari yanzu: "Ni na cire wayar NEPA, ba ni ba su." Na fahimci ɓacin ran da ke bayanta, musamman ga wanda ya sha bil ɗin ƙiyasi shekara da shekaru. Amma ko ta fuskar aljihun mutum kaɗai aka duba, yanke layin ba riba ba ne ga mai mita. Abin da ya fi komai tsada a haɗin sola shi ne batir, shi ne kuma yake fara mutuwa. Faranti mai kyau zai yi shekara ashirin da ɗoriya yana aiki. Batirin ruwa irin wanda ake kira tubula kuwa, rabin abin da ke cikinsa kawai ya kamata a riƙa ja, kuma zafi abokin gabarsa ne: ƙa'idar da masana suka sani ita ce, duk ƙarin zafi na kusan digiri goma a kan 25 yana raba kwanansa biyu. To a ɗakin da aka rufe a watan Afrilu, ina aka ga digiri 25? Shi ya sa za ka ga mutum ya zuba kuɗi, bayan shekara biyu fanka ta fara tsayawa da ƙarfe uku na dare. Batirin litiyam ya fi juriya nesa ba kusa ba, ana jan kashi 80 zuwa 90 na abin da ya ɗauka, yana jure caji dubbai, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Wanda ya yanke layi dole ya sayi batirin da zai ɗauke shi a mafi munin kwanaki: kwana biyu na hadari a watan Agusta, ko makon da hazon hunturu ya rufe sama ƙura ta lulluɓe farantai. Wato ya biya kuɗin ajiyar da ba zai buƙace ta ba a yawancin shekara. Wanda ya bar layinsa, ya sa inbata mai haɗa hanya uku, rana da batir da wutar kamfani, zai iya saita ta ta fara cin rana, ta koma batir, sai ya yi ƙasa ta ɗauko daga layi idan akwai. Guga da injin jan ruwan rijiyar burtsatse da na'urar sanyaya ɗaki, a bar su ga tsakar rana ko lokacin da aka kawo wuta. Ko awa huɗu ake ba unguwarku, awa huɗun nan na iya rage maka rabin batirin da za ka saya.

Sai dai wutar a yanzu hanya ɗaya take bi, daga layi zuwa gida. A Jamus ko Ostireliya, rarar da rufi ya samar tana komawa layi, mita ta rubuta, a biya maigida ko a rage masa bil. A nan, akasarin mitocinmu na kati ba a ƙera su don wannan ba, wasu ma idan wuta ta bi ta cikinsu ta koma baya sai su lissafa ta a matsayin wadda ka sha, su cinye maka yunit. Akwai kuma batun rai. Inbatar da aka yi don tura wuta layi tana daina turawa nan take da zarar an ɗauke wuta, domin kada ma'aikacin da ya hau falwaya yana gyara, yana ganin an kashe layi, wutar wani gida ta kama shi. Duk mai haɗin da ya ce zai yi maka dabara ka riƙa ba maƙwabci wuta ta wayar kamfani, ka rabu da shi, ran wani yake wasa da shi. Wannan aiki ne na doka da mita mai ƙirga shiga da fita, da binciken hukumar NEMSA da aka ɗora wa duba ingancin haɗin lantarki.

Kuma dama ta samu. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumominsu su tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu. Gwamnan da ke neman abin da zai taɓa rayuwar jama'a ba sai ya jira Abuja ba. Abin da ake buƙata tsari ne da ya sauko har kan gida mai faranti shida, ba manyan masana'antu kaɗai ba.

Na san kamfanonin rarraba wuta, KEDCO da takwarorinta, ba za su yi murna da wannan ba, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Pakistan ta buɗe wannan ƙofa tun 2015. Da kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabi, farantan China suka yi arha, a 2024 kaɗai ƙasar ta shigo da farantai na kusan megawat dubu 17, fiye da ninki uku na abin da layin Najeriya gaba ɗaya ke iya rarrabawa a yawancin ranaku. Masu hali suka rage saye daga kamfanoni, nauyin kula da turaku da biyan tashoshi ya koma kan waɗanda ba su da kuɗin sola, har gwamnati ta fara yunƙurin zaftare farashin da take sayen rarar. Darasin a fili yake: a saya daga maigida a farashin da bai kai na sayarwa ba tun daga farko, kamfani ya samu ribarsa a tsakani, kowa ya biya ɗan kasonsa na kula da layi. Amma kamfanoninmu su lura da bambanci ɗaya. Su ba su da isasshiyar wutar da za su sayar da rana tun asali. Yunit ɗin da ya fito daga rufin Alhaji ya shiga shagon tela a layi ɗaya, bai bi ta Shiroro ba, bai ɓace a hanya ba, ciniki ne da a da babu shi. Kuma idan ba a ba masu sola dalilin zama a kan layi ba, za su fice gaba ɗaya, su ne kuwa masu biya a kan kari. Talaka ne zai rage da taransfomar da ba mai gyara ta sai an bi gida-gida ana karo-karo.

Wani zai ce, layin da babu wuta a cikinsa da rana, ina za a tura rarar? Gaskiya ne, kuma wannan ce hujja mafi ƙarfi a kan abin da nake faɗa. Amsar ita ce a fara daga inda zai yiwu: layukan Band A da ake cewa suna samun awa 20, da unguwannin da ke da ƙaramar tashar sola da aka haɗa da layin kamfani, irin wadda aka yi a Zawaciki da ke Kano, inda tashar ke riƙe layin unguwa da wuta ko babban layi ya faɗi. A irin wannan wuri rufin kowane gida na iya zama ƙari.

Saƙon da ke fitowa daga sama ne ke ba ni takaici. A 2025 an ware naira biliyan 10 don sa wa fadar shugaban ƙasa sola, a shekarar kuma aka ji minista na maganar hana shigo da farantai kafin masana'antun cikin gida su iya wadatar da ko kaso kaɗan na buƙata. Ga kuma tsofaffin batiran ruwa da ke ƙarewa a hannun 'yan jari-bola, ana fasa su ana zubar da ruwan a ƙasa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu bar wannan ba tsari ba. Mai sayar da sabon batir ya zama dole ya karɓi tsohon.

Abin da nake roƙon majalisun dokokin Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna ba babba ba ne. A zaɓi layi ɗaya a kowace jiha, a sa wa gidaje ɗari biyu masu sola mita mai ƙirga shiga da fita, a tsayar da farashi na shekara guda, a tantance masu haɗin da za su yi aikin. Bayan shekarar a wallafa yunit nawa suka shiga layi, awa nawa shagunan unguwar suka ƙara samu, nawa kamfani ya ci ko ya yi asara, sannan a yanke shawarar faɗaɗawa a kan waɗannan alƙaluman.