Kujerar fata ko ta yadi: a fara duba inda motar za ta yini

Mai sayen mota yakan tsaya ya binciki inji, ya gwada giya, ya tambayi shan mai, amma da an zo kan kujera sai ya bar wa ido zaɓi. Ido kuwa fata yake so. Masu sayarwa sun san haka, shi ya sa suke buɗe maka ƙofa tun kafin su buɗe bonet. Wanda ya saba da ƙasar da rana ke da ƙarfi, sannan ya zauna inda ake dusar ƙanƙara, zai ga cewa kujera iri ɗaya tana nuna hali biyu a wuraren nan. Ra'ayina shi ne, motar da za ta yini a rana ba rumfa ba inuwa, yadi mai kyau ya fi mata. Fata tana biyan kuɗinta ne inda akwai sanyi ko inuwa, ko kuma inda yara ke zubar da abu kullum, muddin mai ita zai riƙa kula da ita.

Da farko a san abin da ake saye, don ba duk abin da ke kama da fata ne fata ba. Ta gaske yawanci ta shanu ce, kuma a mafi yawan motoci an shafe samanta da fenti, aka bi da wani siririn rufi na roba. Abin da hannunka ke taɓawa wannan rufin ne, fatar tana ƙarƙashi. A motoci da yawa ma tsakiyar mazauni da wurin jingina kawai ake sa ta gaske, gefuna da bayan kujera leda ce mai launi ɗaya da ita. Akwai kuma wadda babu fata a cikinta ko kaɗan, kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa tasa: MB-Tex a Mercedes-Benz, SofTex a Toyota, NuLuxe a Lexus, SensaTec a BMW, V-Tex a Volkswagen. Waɗannan ba abin rainawa ba ne, wasunsu sun fi matsakaiciyar fata jure wahala, kuma a 2021 Volvo ta sanar cewa sababbin motocinta masu aiki da lantarki zalla ba za su zo da fata ba. Abin da ba na so shi ne mutum ya biya kuɗin fata a ba shi leda. Ka nemi takardar bayanin motar ka karanta, kada ka dogara da ƙamshi, don ƙamshin ma ana sayar da shi a kwalba.

Zafi shi ne babbar magana. A 2018 masu bincike a jihar Arizona ta Amurka sun wallafa abin da suka auna a motocin da aka ajiye a rana tsawon awa ɗaya, a ranakun da zafin waje ya kai digiri 38 ko sama da haka a ma'aunin Selshiyos. Iskar cikin mota ta kai kusan 47, saman dashbod 69, sitiyari 53, kujeru 51. Waɗanda aka ajiye a inuwa, kujerunsu sun tsaya kusan 41. Bambancin digiri goma ke nan daga inuwa kaɗai. To ko da yadi da fata sun ɗauki zafi daidai, jiki ba ya jin su daidai. Saman fata sumul yake, yana manne wa jiki gaba ɗaya ya zuba masa zafin a take. Yadi kuwa zare ne da iska a tsakaninsa, jiki yana taɓa kan zaren ne kawai, don haka zafin yana shigowa a hankali. Bayan haka sai zufa. Rufin robar nan ba ya barin iska ta ratsa, sai zufar ta taru tsakanin bayanka da kujera, ka sauka riga ta manne, ko da na'urar sanyaya mota tana aiki, tunda iskarta gaba take bugawa, ba ta zagayowa baya. Kujerar fata mai baƙin launi ita ce mafi tsanani. Idan dole sai fata a ƙasar zafi, a nemi mai haske, ruwan toka ko ruwan madara, a kuma shirya wa abin da ke biyo baya: wandon jins da duk wani yadi mai zuba suna barin shuɗin tabo a kanta, wanda in ya daɗe ya shige cikin rufin, goge shi sai gwani.

A ƙasar sanyi lissafin ya juya. Fata da asuba kamar ƙanƙara take, amma mafi yawan motocin da ke da ita suna da hita a cikin kujera, cikin 'yan mintoci ta ɗumama, tun inji bai gama ɗaukar zafi ba. Ga laka, ga ruwan dusar ƙanƙara da gishirin da ake watsawa a titi, waɗanda riguna da takalman yara ke kwasowa. A kan fata tsumma ɗaya ya isa, a kan yadi kuwa gishirin yakan bar farin zane idan ya bushe. Saboda haka wanda ya ce maka fata ta fi, yana iya zama ya faɗi gaskiya game da wurin da yake zaune. Matsalar zafi ba a magance ta da sauƙi irin haka. Akwai kujeru masu fanka a ciki da ke hura ko jan iska ta ƙananan huji, kuma suna rage zufa sosai, sai dai yawanci a motoci masu tsada ake samunsu, kuma ba sa hana kujera gasuwa lokacin da motar ke ajiye. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: fata mai huji-huji, duk abin da ya zube a kanta yana wucewa cikin soso, wani lokaci har ya kai ga fankar da wayoyinta, hujin kuma yana toshewa da ƙura da man shafawa.

Rana ba zafin zama kawai take jawowa ba, tana cin kujerar kanta. Zafi da hasken rana suna busar da rufin, sai ya fara tsagewa daga inda fatar ke lanƙwashewa. Wurin da ke fara mutuwa kusan kullum ɗaya ne, wato tudun gefen kujerar direba na wajen ƙofa, inda ake gogawa a shiga a goga a fita. Ƙura tana shiga lanƙwasar ta riƙa cin fentin duk lokacin da aka zauna. Ledar ma tana da nata ciwon: mai tauri irin ta da takan bushe ta fashe, mai laushi kuma, idan zafi ya haɗu da laima, sai samanta ya fara ɗayewa yana zuba ɓawo-ɓawo, kuma wannan ba shi da magani sai canji. Yadi yana koɗewa a rana, amma koɗewa ba ta hana zama.

Kada a ɗauka yadi ba shi da aibi. Aibinsa babba ne: yana sha. Ƙarƙashinsa soso ne, kuma abin da ya wuce yadin ya shiga soson, wanke sama ba ya fitar da shi. Madara ce ta fi muni, don takan ruɓe a ciki, kwana biyu zuwa uku mota ta ɗauki wari, kuma duk ranar da aka yi zafi sai warin ya taso. Haka amai, haka fitsarin yaro, haka hayaƙin taba. Mai ƙananan yara, ko mai ɗaukar fasinja, yana da hujja mai ƙarfi ta zaɓar fata ko leda mai inganci, kuma ba zan ja da shi ba.

Amma yawancin ɓarnar da ake yi wa yadi, garin wanki ake yin ta. Idan abu ya zube, a ɗauki busasshen tawul a danna da ƙarfi a ɗaga, a sake dannawa da wani gefen, kada a cuɗa, don cuɗawa tura shi ciki take yi. Sannan a zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa mara ƙarfi a rabin lita na ruwa mai ɗumi-ɗumi, a fesa kaɗan, a bi da burushi mai laushi, a tsane da tawul, a maimaita da ruwa zalla don sabulun ya fita. Sabulun da aka bari a yadi yana kama datti, bayan mako biyu wurin ya fi da baƙi. A wanke fallen gaba ɗaya daga ɗinki zuwa ɗinki, in ba haka ba ruwan zai bar zobe a inda ya tsaya. Jini da ruwan sanyi ake fitar da shi, ruwan zafi dafa shi yake yi ya zauna. Ga madara da amai akwai maganin wanki mai narkar da irin wannan ƙazanta, shi ya kamata a nema, sannan idan wurin ya bushe a barbaɗa farin garin nan da ake kira baking soda a bar shi ya kwana, a zuƙe da injin shara. Babban kuskure shi ne kwarara ruwa da bokiti ko tiyo. Soson yakan yi kwanaki bai bushe ba, fumfuna ta kama, kuma a ƙarƙashin kujerun gaba akwai wayoyin jakar iska ta kariya da na'urar da ke gane an zauna. Bayan wanki a bar gilasai a sauke, iska ta ratsa har ya bushe sarai.

Ita kuwa fata, kulawarta ba wuya, sai dai ba ta son a manta da ita. Duk wata biyu zuwa uku a zuƙe ƙurar cikin ɗinki da lanƙwasa, a sa maganin wanke fata a kan burushi mai laushi, ba a kan kujera kai tsaye ba, a goga a hankali har ya yi kumfa, a share da tsumma mai ɗan laima, a bi da busasshe. Sabuwar fata ba ta ƙyalli. Ƙyallin da ake gani a tsohuwar kujera maiƙon jiki ne da datti suka taru, kuma idan aka wanke da kyau sai ya tafi. Don haka masu shafa mata baslin, man girki ko man ƙyallin dashbod cutar ta suke yi. Man ba ya ratsa rufin, a sama yake zama ya kama ƙura, ya sa santsi, direba ya riƙa zamewa a kwana. Fetur, kananzir, bilic, garin sabulun wanki da duk abin da ke da sinadarin barasa, har da man tsabtace hannu da maganin sauro na shafawa, suna cin rufin ko su ɗaye fentin. Idan ana so a san irin fatar, a ɗiga ruwa digo ɗaya a wurin da ba a gani. In ya tsaya a sama, mai rufi ce. In ya shige wurin ya yi duhu, mara rufi ce ko mai ɗan siririn rufi, irin ta motocin alfarma, kuma tana buƙatar nata maganin daban. Abin da ya fi kowane mai amfani shi ne abin tare rana da ake shimfiɗawa a gilashin gaba, da neman inuwa.

Masu ganin yadi na marasa hali ne, su sani a manyan motocin farkon ƙarni na 20, direban da ke zaune a gaba cikin ruwa da iska shi ake sa wa fata don ta fi jurewa, mai gida a baya yana kan yadin ulu. Toyota Century, motar manyan Japan, an daɗe ana yin ta da kujerun ulu. Yadi ma hawa-hawa ne. Mai saƙa matsattsiya yana shekaru bai nuna gajiya ba, mai gashi-gashi mai arha kuwa yana kama ƙura ya yi ƙuraje. A shafa shi da tafin hannu, a ja shi da yatsu a ga ko yana komawa.

Wajen kuɗi, a sabuwar mota da wuya a sayar maka da fata ita kaɗai. Tana zuwa ne haɗe da wasu kaya, kamar kujera mai motsi da lantarki, hita ko rufin gilashi, kuma duka za ka biya. Ka lissafa nawa ne daga cikinsu kake buƙata da gaske. Gaskiya ne fata mai lafiya tana taimakawa ranar sayarwa, amma wadda ta tsattsage tana karya darajar mota fiye da koɗaɗɗen yadi, gyaranta kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Wasu sukan sayi mai yadi su kai a ɗinka mata rigar leda. Araha ba ta ado: an haɗa zufar fata da rashin ƙarkon leda mai arha, ga laimar da ke taruwa tsakanin rigar da yadin. Abin da ya fi damuna ma shi ne, a motocin zamani jakar iska ta gefe tana cikin jikin kujera, kuma an yi ɗinkin wurin ne yadda zai yage idan ta tashi. Ka duba gefen wurin jingina, za ka ga ɗan tambari da ke nuna haka. Rigar da aka ɗinke da zare mai ƙarfi tana iya tare ta ko ta karkatar da ita a daidai lokacin da ake buƙatarta. Idan za a sa riga, a sa wadda aka yi wa wannan samfurin motar, mai buɗaɗɗen gefe ko ɗinkin da aka tanada don haka.

A motar hannu, kujera tana faɗin abin da mai sayarwa ba zai faɗa ba. Idan agogon mota ya nuna tafiya kaɗan, amma tudun gefen direba ya lotse, fentinsa ya goge, to akwai tambaya. Ka shafa farin tsumma mai laima a kan fatar, idan launi ya biyo shi, an yi mata sabon fenti ne don a ɓoye tsaga. Idan an sa riga, ka ce a ɗaga. Ka rufe ƙofofi da gilasai na 'yan mintoci sannan ka shiga ka shaƙa, turare mai yawa yakan zama ana rufe wani wari ne. Ka tura kujera gaba da baya ka duba ƙarfen da take gudu a kai, ka kuma jawo bel ɗin ɗaura jiki har ƙarshensa. Tsatsa a ƙarfen, ko zanen ruwa da laka a ƙarshen bel, alama ce motar ta taɓa nutsewa a ambaliya, kuma wannan ya wuce maganar kujera, ya shafi wayoyin motar duka.