Zagin marubuci ba ya dawo da labarin da aka rufe

'Yan uwana matasa masu bibiyar mujallun zane na jarumai, irin na kamfanonin Amurka Marvel da DC, ina da magana da ku, kuma ba mai daɗi ba ce. Duk sanda aka ce an dakatar da wani labari da kuke so, sai a yi ca a kan marubucin, zagi ta uwa ta uba, kamar shi ya kashe muku wani.

Ku tuna Disambar 2012. Marvel ta rufe The Amazing Spider-Man a fitowa ta 700, mujallar da ake bugawa tun 1963. A cikin labarin jarumin, Peter Parker, wato Spider-Man ɗin kansa, ya mutu, abokin gabarsa Doctor Octopus ya gaje jikinsa. Tun kafin a kai ta kasuwa zancen ya fasu, wasu suka dinga aika wa marubucin, Dan Slott, barazanar kisa ta Twitter da Facebook. Kisa fa, saboda mutumin da babu shi sai a takarda! A Afrilun 2014 Peter ya dawo abinsa. Tashin hankalin da aka jefa bawan Allah nan kuwa, wa ya ɗauke masa?

Takaicinku ban raina shi ba. Wanda ya shekara goma yana bin jarumi guda, dole ya ji zafi ranar da aka ce an gama. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Galibi ba marubuci ke rufe mujalla ba, kamfani ne, shi kuma ciniki yake kallo. A Amurka shagunan mujallu kan yi odar fitowa tun makonni kafin a buga ta, kuma yawanci abin da ya yi kwantai ba a mayar da shi, asarar mai shago ce. Don haka ba ya ɗauko sai abin da ya ga ana tambaya. Idan oda ta yi ta raguwa wata bayan wata, kamfani ya rufe. Shi marubucin da kuke zagi, aikinsa ne ya tafi, shi da mai zanen da ke ci da iyalinsa daga nan.

Ku dubi masoyan Spider-Girl, labarin 'yar Peter Parker da Tom DeFalco ya rubuta tun 1998. Ba sau ɗaya ba Marvel ta yi niyyar rufe shi saboda ƙarancin ciniki. Masoyan suka rubuta wasiƙu zuwa kamfanin cikin ladabi, suka matsa wa shaguna su yi oda, suka jawo sababbin masu karatu. Mujallar ta kai fitowa 100 a 2006, aka sake buɗe ta da sabon suna, ta ci gaba har 2009. Wannan ita ce soyayyar da kamfani ke jin muryarta.

To kai da kake ta kumfar baki, sisin kwabonka ya taɓa shiga aljihun masu aikin? Na san dala ta yi tsada, kuma shagon mujallu ba a bayan gidanmu yake ba. Amma wanda ya sauke kwafin sata a waya kyauta, kunya ma ta isa ta hana shi zagi.

Abin da ya fi damuna shi ne halin nan ya iso gida. Marubuciyar Hausa za ta kwana tana rubutu, ta sa wa littafinta ɗan kuɗi kaɗan, wata ta saya ta watsa shi a zaurukan WhatsApp. Ranar da ta gaji ta ajiye labarin a tsakiya, waɗanda suka karanta a ɓagas su ne kan gaba wajen ci mata mutunci. Haƙƙi biyu ke nan a wuyan mutum, na dukiyarta da na mutuncinta, kuma Allah ba ya yafe haƙƙin wani sai mai shi ya yafe. In kina son ta ƙarasa labarin, biya ki karanta, ki gaya wa ƙawarki ita ma ta biya nata.