Kujerun da aka ƙi zubarwa

Ranar Asabar na kai wa wani dattijo kafinta, mutumin Zariya, saƙo a wani tsohon otal da ke Ikoyi a Legas, inda ake gyaran ɗakin cin abinci. Na shiga da zaton zan ga tayil mai ƙyalli da silin roba. Sai na same shi durƙushe yana goge ƙafar kujera, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Kujerun katakon loko ne, kowace an sa mata lamba da alli don ta koma mazauninta. Daɓen tarazo na da can an wanke shi da inji har tsakuwoyinsa kore da fari sun fito. Tagogin gilashi masu falle-falle suna nan, iskar teku na ratsowa. Wayoyin wuta da bututun ruwa kawai aka sauya.

Na ce, "Baba, ai sayen sabo ya fi wannan wahala sauƙi."

Ya ce, "Ɗana, mai wurin ta ce idan ƙusa ɗaya ta ɓata sai mun nemo irinta."

Maganar nan ta tsaya mini a rai har Agege. Otal ɗin Federal Palace da aka buɗe a 1960 yana nan tsaye a titin Ahmadu Bello a Legas, ana kwana ana cin abinci. Mu 'yan Arewa fa? Otal ɗin Durbar na Kaduna, da aka gina domin hawan dabar FESTAC, bikin al'adun Afirka, a 1977, an bar shi ya zama kango, a 2020 katafila ta gama da shi.

Kada a ce ina yabon Legas don a nan nake neman abinci. Su ma sun rushe Ilojo Bar a 2016, gini mai fiye da shekara 150. Amma a nan an yi ta kururuwa. Mu kuwa in an shafe zanen dagi da siminti, barka ake yi wa mai gida.

Haka aka yi da zauren mahaifinmu. Rufin azara ne, bango ya sha makuba, ko da zafin Afrilu ka shiga sai ka ji sanyi har ƙashi. Bara ƙanena ya turo mini hoto: an fasa, an ɗora kwano, an manna tayil. Da kuɗin da nake aikawa aka yi, kuma ba wanda ya tambaye ni. A zauren nan Malam ya fara rubuta mini allo.